Wa Ya Fi Wa a Samaniyar Marvel? Tarihin Jerin da Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya

Mujallar labaran zane mai suna Strange Tales, fitowa ta 138, tana ɗauke da kwanan watan Nuwamban 1965, kuma santi 12 ake sayar da ita a shagunan Amurka. A cikinta ne Doctor Strange, likitan nan da ya bar asibiti ya rungumi sihiri, ya kai ƙarshen wata doguwar tafiya ya tsaya gaban abin da ba a taɓa zana irinsa ba. Siffar mutum ce, baƙa wuluk, amma jikin cike yake da taurari da duniyoyi suna shawagi. Abin da mai zanen, Steve Ditko, yake nufi shi ne sararin samaniya ne ɗungurungum ya tattaro kansa ya ɗauki surar mutum don a samu wanda za a yi magana da shi. Aka raɗa masa suna Eternity.

Wata huɗu tsakani, a Fantastic Four fitowa ta 48, ta watan Maris 1966, Jack Kirby ya sauko da Galactus, wani basamude mai kwalkwali mai kama da ƙahoni, wanda abincinsa duniyoyi ne masu rai. Kamfani ɗaya, edita ɗaya, wato Stan Lee, amma ƙattai biyu da kowannensu ya isa a ce babu na sama da shi. Daga nan masu karatu suka fara tambayar da har yau ba su gaji da ita ba: in an haɗa su, wa zai durƙusa?

Babu wanda ya tanadi amsa, domin babu wanda ya zauna ya tsara wannan samaniya tun farko. A yadda Marvel ke aiki a lokacin, mai zane ne yake ɗaukar guntun labari ya tafi ya gina shi shafi-shafi, sai ya gama Lee ya sa wa mutanen ciki magana a baki. Kirby yana aiki a ɗakin ƙasa na gidansa a Long Island, Ditko yana nasa ɗakin zanen, kuma a shekararsa ta ƙarshe a kamfanin ko magana ba ta haɗa shi da Lee. Kowa da abin da ke cin ransa. Shi Silver Surfer ma, ɗan aiken Galactus mai sulun jirgin azurfa, sai a takarda Lee ya fara ganinsa; Kirby ne ya ga bai dace mai girma irin wannan ya zo ba tare da mai share masa hanya ba.

Ya kamata a tsaya a kan wannan labari na 1966, mai fitowa uku, saboda yadda ya ƙare. Ba a doke Galactus ba. Duk ƙarfin jarumai huɗun nan na Fantastic Four bai sa ya ko waiwayo da kyau ba. Yana ta haɗa na'urar da zai tsotse rayuwar duniya da ita a kan benensu, su kuwa suna zarya a ƙasa. Abin da ya ceci duniya abu biyu ne. Na farko, wata makauniya mai sassaƙa, Alicia Masters, ta taɓa zuciyar Silver Surfer har ya juya wa ubangidansa baya. Na biyu, Uatu, wanda ake kira Watcher, mazaunin duniyar wata da danginsa suka yi rantsuwar kallo kawai ba sa hannu, ya karya rantsuwar, ya tura Human Torch, ɗaya daga cikin jaruman huɗu, can wata uwa duniya ya ɗauko wani ɗan makami da bai wuce cikin tafin hannu ba, wanda zai iya shafe komai har da mai riƙe da shi. Da Reed Richards, jagoran jaruman, ya ɗaga makamin, Galactus ya ja da baya, ya ba da kalmarsa cewa zai bar duniya, ya kuma cika. Ba mugu ba ne. Yunwa ce ke korarsa, kuma yana da alkawari. Girmansa ya fito ne daga cewa ba a ga iyakarsa ba.

Ditko ya yi sallama da Marvel a 1966, kuma labarinsa na ƙarshe a Strange Tales, fitowa ta 146, karo ne tsakanin Eternity da Dormammu mai kan wuta. Shekara guda bayan haka, a fitowa ta 157, Lee da Marie Severin suka kawo Living Tribunal, alƙali mai jikin zinariya, kansa yana lilo a saman kafaɗu babu wuya, da fuska uku: ta adalci, ta larura, ta ramuwa. Sai ukun sun yarda yake yanke hukunci. Wannan shi ne karon farko da aka samu wanda matsayinsa ya fito daga muƙami, ba daga damtse ba.

Shekarun 1970 suka ƙara cunkoso. Kirby ya koma kamfanin DC a 1970 ya ƙirƙiri Darkseid. Wani matashi, Jim Starlin, wanda ya yi aikin sojan ruwa a zamanin yaƙin Biyetnam, ya fito da Thanos a Iron Man fitowa ta 55, a 1973, ya kuma ba shi masoyiyar da ba a taɓa ba wani mugu ba: Mutuwa da kanta, a siffar mace mai lulluɓi da ba ta cika magana ba. Da Kirby ya dawo Marvel, sai ya kawo Celestials a mujallar Eternals ta 1976, ƙattan sulke masu tsawon ƙafa 2,000, waɗanda ba sa cewa uffan. Shugabansu, Arishem, ya zo ya tsaya zai yi shekara 50 yana auna 'yan Adam kafin ya yanke ko a bar su ko a shafe su. Kirby bai so a cakuɗa su da sauran labaran kamfanin ba. Amma da aka dakatar da mujallar a 1978, marubutan Thor suka jawo su ciki, kuma a fitowa ta 300, a 1980, Odin sarkin Asgard ya shiga sulken Destroyer, ɗauke da ƙarfin kusan dukkan mutanensa, ya tunkari Celestials. Suka narkar da sulken. Ranar ce aka fara rubuta mataki a fili: sarakunan Asgard suna ƙasa, ƙattan Kirby suna sama.

Daga nan sai masu lissafi suka shigo. A 1983 kamfanin ya fara buga kundin bayanan jarumansa, Official Handbook of the Marvel Universe, a ƙarƙashin kulawar Mark Gruenwald, mutumin da son waɗannan labarai ya kai shi ga yin wasiyyar a gauraya tokar gawarsa da tawada, aka kuwa buga littafinsa Squadron Supreme da ita bayan rasuwarsa a 1996. Kundin ya ce Spider-Man yana ɗaga tan 10, ya kuma tara su Thor da Hulk a ajin masu ɗaga tan 100 zuwa sama. A 1984 kamfanin TSR ya fitar da wasan tebur na jaruman Marvel mai matakan ƙarfi, da aka zo kan ƙattan sama sai matakan suka ƙare, aka ƙirƙiro aji na 1,000, daga baya na 3,000 da na 5,000. Katunan da yara ke musaya a 1991 kuwa daga 1 zuwa 7 suke ba da maki. Yanzu mai gardama ya samu takardar da zai buga a tebur.

A ganina, nan ne aka fara yi wa waɗannan halittu illa, kuma Galactus ne ya fi kowa ɗanɗanawa. Da zarar an san iyakar abu, an samu abin auna wani da shi. Galactus ya koma mudun awo: duk marubucin da ya zo da sabon dodo, yana son a san dodonsa ya cika, sai ya sa shi ya kayar da Galactus. An fara gani ƙarara a Secret Wars na 1984, jerin fitowa 12 da aka shirya don tallata 'yan tsanan kamfanin Mattel. Babban edita Jim Shooter ne ya rubuta da kansa, ya kawo Beyonder, wanda tun a fitowar farko ya yi jifa da Galactus kamar ba komai ba. A kashi na biyu, na 1985 zuwa 1986, har su Eternity sai da suka shiga taitayinsu a gabansa. Sai aka sallami Shooter daga aiki a 1987. Shekara guda bayan haka, a Fantastic Four fitowa ta 319, Steve Englehart ya rubuta cewa ashe Beyonder wani ɓangare ne kawai na abin da ake kira Cosmic Cube da bai gama ƙosawa ba. Wanda ya fi kowa jiya ya zama ɗan tsaka-tsaki yau, kuma canjin daga ofishin edita ya taso. Galactus kuwa bai huta ba: an kama shi an mai da shi makami a Annihilation na 2006, Thor ya kashe shi a 2020.

Akwai wanda ya bi wata hanya. A 1982 John Byrne ya nuna Galactus yunwa ta galabaitar da shi har jarumai suka kai shi ƙasa a tsakiyar New York, Reed Richards ya ƙi bari ya mutu, ya ceci ransa. Galactus ya warke ya je ya cinye babbar duniyar mutanen Skrull da biliyoyin rayukan da ke cikinta. Aka gurfanar da Reed a gaban shari'ar taurari a fitowa ta 262, a 1984. Shaidar da ta wanke shi daga Eternity ta zo, wanda ya nuna wa mahalarta cewa Galactus yana da aikin da yake yi a tsarin samaniya, rashinsa zai fi zamansa muni. Byrne bai tambayi tan nawa Galactus ke ɗagawa ba. Ya tambayi me aka ajiye shi ya yi, kuma wannan tambayar ce ta mayar masa da kwarjininsa.

Starlin ya kai wannan tunani maƙura a Infinity Gauntlet na 1991, fitowa shida, da zanen George Pérez da Ron Lim. Masu kallon fim ɗin Avengers na 2018 sun san safar hannun da duwatsunta shida, amma a takarda dalilin Thanos daban ne: ya ƙyasta yatsa ya shafe rabin masu rai tun a fitowar farko don ya burge Mutuwa, ita kuwa ko kallon arziki ba ta yi masa ba. Eternity ya kai ƙara gaban Living Tribunal. Alƙalin ya saurara, ya ce mai ƙarfi ya ture mai rauni ba laifi ba ne a dokar da yake tsaro, ya tafi abinsa. Sai ƙattan suka yi gangami: Galactus, Celestials biyu, Lord Chaos da Master Order, Kronos, Stranger, har da So da Ƙi a siffar halittu. Thanos ya gama da su, ya kayar da Eternity, ya bar gangar jikinsa ya hau matsayin Eternity. A nan ne Nebula, wadda ke cewa ita jikarsa ce, wadda ya mayar da ita abin tausayi tsakanin rai da mutuwa, ta lallaɓo ta zare safar daga hannun da babu kowa a ciki. Mafi rauni a dandalin ita ta kwance mafi ƙarfi. Adam Warlock, wanda ya jagoranci yaƙi da Thanos, ya faɗa masa dalili: can cikin zuciyarsa bai yarda ya cancanci mulkin ba, shi ya sa kullum yake barin ƙofa a buɗe.

Da safar ta koma hannun Warlock, a 1992, alƙalin nan ya dawo, ya ce wannan karon akwai magana, ya sa aka raba duwatsun. Ya kuma bayyana cewa shi wakili ne na wani da ya fi shi. Shekaru da dama Marvel ba ta nuna fuskar wannan na can ƙoli ba, wanda ake ambata da One-Above-All. Sai a 2004, a Fantastic Four fitowa ta 511, Mark Waid da Mike Wieringo suka kai jaruman huɗu gaban mahaliccin duniyarsu, suka tarar da dattijo a teburin zane da fensir a hannu, fuskarsa ta Jack Kirby, wanda ya rasu a 1994. Musulmin da ya buɗe wannan shafi dole ya ji nauyinsa, domin an aro harshen addini an yafa wa almara, kuma wannan wuri ne da mu ba ma wasa da shi. Abin da za a iya ɗauka daga ciki shi ne iƙirarin da kamfanin ya yi da bakinsa, cewa duniyar takarda mai fensir ne ke juya ta. Stan Lee ma da aka dame shi da tambayar wa zai ci wa, amsarsa ita ce duk wanda marubucin ya so. A 1996 kuwa, da Marvel da DC suka haɗa jarumansu faɗa, ƙuri'ar masu karatu ce ta yanke biyar daga cikin karawar, har Wolverine ya doke Lobo, abin da magoya bayan DC ba su yafe ba.

Kujerar alƙalin ce ta daɗe ba a taɓa ta ba, kusan shekara 46. A 2013 Jonathan Hickman ya sa aka tsinci gawar Living Tribunal a duniyar wata, sai a 2015 ya bayyana waɗanda suka kashe shi: Beyonders, dangin wancan Beyonder da aka rage wa daraja a 1988, waɗanda suka bi Celestials da su Eternity suka karkashe kafin su kai gare shi. Starlin bai bar kujerar ta yi sanyi ba. A littafinsa Thanos: The Infinity Finale na 2016 ya ɗora wani Adam Warlock daga wata samaniyar a kanta. Kafin sabon alƙalin ya gama zama, Al Ewing ya sa Lord Chaos da Master Order, waɗanda a da suke can ƙasa da shi a jeri, suka taru suka kashe shi a mujallar Ultimates, suka haɗe suka zama halitta ɗaya mai suna Logos, suka ce daga yau su ne doka.