Daga Niƙan Dawa Zuwa Niƙan Dutse

Tun kafin a cire Zamfara daga Sakkwato a 1996, duk mai injin niƙa daga Tsafe zuwa Gusau har Bungudu ya san aikinsa da hannu da kunne. Ka matse faranti gari ya yi laushi amma ya ɗau zafi, ka sassauta ya fito da tsaki. Sabon farantin da aka wasa kuwa sai an fara zuba masa dusa, domin yana zubar da ƙarfe. In ka ja maganaɗisu cikin garin farko za ka ga baƙin gashi ya manne masa. A wannan sana'a na tashi kafin na karanci ilimin ƙarafa, kuma can na tarar abin da iyayen gidanmu ke ji a yatsa shi ne abin da masana ke aunawa.

A ƙarshen shekarun 1960, John Benjamin na kamfanin INCO a Amurka ya zuba garin nikel da wasu garuruwa cikin tulun ƙarfe mai ƙwallaye, ya bar su suna dakuwa. Ƙarfe mai taushi ba ya farfashewa da farko. Yakan baje ya zama falle-falle, fallayen su manne da juna ba tare da wuta ba, su taurare, sannan su tsage. Mai gautsi kuwa rugujewa yake ya shige tsakaninsu. Tsawon lokacin niƙa, da saurin juyawa, da nauyin ƙwallaye a kan na gari, da ko an sa ruwa ko a bushe, su ke yanke irin garin da zai fito. Da wannan dabara aka yi ƙarafan da ke jure zafin injin jirgin sama.

Mu namu darasin da gawarwakin yara ya zo. Da farashin zinari ya haura dala 1,000 kan kowace oza a 2009, sai buhunan dutse mai zinari suka fara shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka juya injinan dawa da masara zuwa niƙan dutse, a bushe, cikin gida. Na ga irin waɗannan faranti da aka kawo Gusau gyara, haƙoransu sun shafe sumul, farar ƙura ta cika kowane lungu na injin.

Ga abin da ke faruwa a tsakanin faranti biyu. Zinari taushi gare shi, bajewa yake, in ma an wuce ƙima wajen niƙa sai ya yi sirantar da ruwan wanki zai tafi da shi. Dutsen da ke ɗauke da shi a wannan yanki kuwa cike yake da dalma, dangin dutsen tozalin nan, mai gautsi ƙwarai. Shi ke komawa ƙura mafi laushi, ya tashi sama, ya sauka kan tabarma da ƙwarya da tsakar gidan da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Masu binciken ƙasa na Amurka sun nuna daga baya cewa ruwa da iska sun riga sun sauya yawancin dalmar zuwa nau'in da ciki ke saurin narkarwa. Ƙanƙantar ƙwayar ta ƙara sauƙaƙa mata shiga jini.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga, maganin maleriya bai yi musu komai ba. Yara aƙalla 400 suka rasu a su Dareta, Yargalma, Abare da Bagega. A wasu wuraren an auna dalma fiye da 100,000 cikin miliyan a ƙasa, alhali ƙa'idar Amurka ta lokacin 400 ce. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba ta samu ba sai 2013. Bayan shekara biyu abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne a wurin masu ilimin niƙa. Ruwa ne. Gwajin da MSF da ƙungiyar OK International suka yi da masu haƙa, inda ake fesa ruwa a bakin inji, ya rage dalmar da ke iska da kashi 95 cikin ɗari. Haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa a 2019 ta ɗage shi a Disamban 2024, injina sun ci gaba da juyawa. Yau akwai jami'ar tarayya a Gusau da kwalejin kimiyya da fasaha a Ƙauran Namoda, kuma ina ganin wajibi ne ɗalibansu su zauna da makanikan da ke wasa faranti, su ƙera injin niƙan jiƙe mai arha wanda mai haƙa zai saya da kansa, domin ya ga zinarinsa ya ƙaru kuma ƙura ba ta bi shi gida ba.