Gujiya da masu teɓa, hawan jini da sukari: a ci ko a bari?

Masu saurarenmu daga Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, har da 'yan uwa mazauna waje, sukan tambaye mu: mai ƙiba da likita ya ja wa kunne, gujiya ta haramta gare shi?

Likitoci na duba abu biyar: faɗin ƙugu (santimita 94 ga namiji, 80 ga mace), hawan jini daga 130/85, sukarin jini daga giram 1 cikin lita kafin karin kumallo, yawan wani nau'in kitse cikin jini, da ƙarancin kitse mai kare jijiyoyi. Wanda ya haɗa uku cikinsu, ciwon sukari da na zuciya sun matso kusa da shi.

Gaskiya ne gujiya mai ce, kusan rabin nauyinta. Giram 100 na ɗauke da kalori wajen 570. Amma man nata irin wanda ke rage mugun kitse ne a jini, ga ta da riƙe ciki, kuma ba duk man da aka tauna hanji ke tsotsewa ba. A Sipaniya, binciken PREDIMED ya bi mutum fiye da 7,000. Waɗanda aka riƙa ba giram 30 na 'ya'yan itace masu ɓawo kullum ba su fi sauran ƙiba ba. Ba gujiya suka ci ba, sai dai manta ya yi kama da na waɗannan.

To, ga inda mutane ke kuskurewa. Giram 30 cikin tafin hannu ɗaya ne, ba kwano ba. Kuma sai ta maye gurbin wani abu: fanke, biskit ko lemun kwalba na la'asar. In an ci su duka an ɗora gujiya a kai ana hira bakin shayi, teɓa ƙaruwa za ta yi, ba makawa. Mai sukari a jiki ba ta cikin lissafi, mai gishiri kuwa mai hawan jini ya rage ta. Ƙuli-ƙuli an matse mansa, amma soyayye ne. Mun fi son sa dakakke cikin kwaɗon zogalen Jiratawa.

Gujiyar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, gubarta na lalata hanta. Mai shan magani kuma kar ya daina don ya soma cin gujiya.