Daga Tama Zuwa Sifirin Mota: Tarihin Taurara Ƙarfe da Wuta a Ƙasar Zuru

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa babban canjin da ya sami sana'ar ƙira ya biyo ne ta irin ƙarfen da yake zuwa hannun maƙeri. Batun ya shafi Dakarkari ƙwarai, domin saurayin da yake noman golmo a gonar surukansa, da garma yake neman aure.

Zamanin Tama

Narka tama tsohuwar sana'a ce a ƙasashen nan. An yi ta a Taruga fiye da shekara 2,000 da suka wuce, a dutsen Dala na Kano kuwa tun wajen ƙarni na 7. Amma sau da yawa sinadarin kabon bai wadata cikin ƙarfen tama ba, shi kuwa irin wannan ƙarfe ko an tsoma shi a ruwa da zafinsa ba ya taurara sosai. Don haka dukan masaba a kan uwar maƙera shi ke ƙara masa ƙwari.

Zuwan Ƙarfen Turawa

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya yi ta yawaita har aka bar haƙar tama. Daga baya maƙera suka kama sifirin mota, wanda kabon ɗinsa ya kai kimanin kashi 0.6 cikin 100. Idan aka zuga shi ya yi jajir, watau ya haura digiri 727, aka tsoma a ruwa ko mai, sai ya taurara, amma ya zama mai saurin karyewa. Maganinsa a sake ɗumama shi zuwa digiri 200 ko 300, ana duban launinsa daga rawaya zuwa shuɗi. Abin da masana'antu suke yi da ma'aunin zafi, shi maƙeri yake yi da ido da gawayin ƙirya.

Kammalawa

An fara aikin Ajaokuta a 1979, har yau bai narka tama ba. Manomi kuwa yana dogara ga maƙeri. Muna kira ga Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, da kwalejojinmu na ilmi, su rubuta wannan sani daga bakin tsofaffin maƙera tun suna raye.