Ƙudan Da Ke Girgiza Furen Tumatir: Taƙaitaccen Tarihi



Ya ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya taso a Kaura Goje ya san kasuwar Yankaba, inda ake sauke kwandunan tumatir da gauta da yalo tun da sanyin safiya. Amma kaɗan ne suka san wani ma'aikaci da ke taimakawa kafin waɗannan kwanduna su cika.

Furen tumatir da na gauta suna ɓoye garinsu ne cikin wasu 'yan bututu masu ƙaramar kafa, garin ba ya fitowa sai an girgiza furen. Idan bai fito ya yi barbara ba, furen ya zube ko ɗan ya tsumbure. Ƙudan zuman da muke ɗaura wa amya bai iya wannan girgiza ba. Masu yin ta wasu dangoginsa ne, irin baƙin ƙudan nan mai huda azara. Yakan cije furen, ya tsayar da fukafukansa, sannan ya karkaɗa naman ƙirjinsa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, sai garin ya feso masa a jiki. Wannan ne gunjin da ake ji a lambu.

A shekarar 1962 masanin ƙwari na Amurka, Charles Michener, ya rubuta bayanin wannan ɗabi'a, a 1983 kuma Stephen Buchmann ya faɗaɗa bincike a kanta. A yau an san tsirrai wajen iri dubu 20 da ke da irin wannan fure.

Manoman Turai sun ɗanɗana rashin wannan ƙuda. Da suka koma noman tumatir cikin ɗakunan gilashi, inda babu iska babu ƙwari, dole suka ɗauki leburori suna bin furanni da sandar lantarki mai karkarwa. A 1985 wani likitan dabbobi ɗan Beljiyam, Roland De Jonghe, ya gano cewa wani ƙuda mai gashi na ƙasashen sanyi ya fi sandar iya aikin. A 1987 ya kafa kamfanin Biobest, tun daga nan ake sayar da wannan ƙuda cikin kwali.

Mu kuwa a Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga ya raya noman rani tun shekarun 1970, iska da ƙwarin daji ne ke yi mana aikin kyauta. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, manoma suka duƙufa feshi. Matsalar ita ce maganin da ke kashe tsutsa ba ya tantance ƙuda. Feshi da safe, lokacin da fure ke buɗe, shi ya fi yi masa illa. Jinkirta shi zuwa yamma na rage ɓarnar.

Sura ta 16 a Alƙur'ani da sunan ƙudan zuma ake kiranta, Suratun Nahli. Ya kamata mu san danginsa ma, mu gaya wa 'yan'uwanmu manoma, kada mu wayi gari muna sayen abin da aka ba mu kyauta.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.