Yadda ake saita giyar gaba da kula da kacar keke a ƙasar yashi irin ta Sule Tankarkar

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. A shekarar 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, aka mayar da maganarsa abin dariya. Abin da kiran minista ya kasa, tsadar mai ta yi shi.

A ƙananan hukumomin Sule Tankarkar, Gumel, Maigatari da Gagarawa, inda babur ke haɗa ƙauye da kasuwa da asibiti, keke ne mafita ga ɗalibi da malamin firamare da ƙaramin ɗan kasuwar da kuɗin mai ya fi ƙarfinsu. Ban da irin su Phoenix da Raleigh masu giya ɗaya da aka sani tun zamanin iyaye, akwai kekuna masu giya da yawa, galibi na gwanjo. Waɗannan sun fi sauƙin tuƙi a tafiya mai nisa, amma yashi da ƙurar hunturu na saurin lalata su. Yawancin matsalar kuwa daga wuri biyu take fitowa, wato giyar gaba da kaca.

Yadda giyar gaba ke aiki

A jikin feda akwai faranti biyu ko uku masu haƙora. Giyar gaba ita ce ƙarfen nan mai kama da ƙaramin keji wanda kaca ke ratsawa ta cikinsa. Idan aka ja wayar giya, kejin yana tura kaca zuwa babban faranti, idan aka saki wayar kuma yana dawo da ita kan ƙarami. Sukurori biyu ne ke yi masa iyaka. Mai alamar L yana hana kaca faɗawa ciki, wajen jikin keke. Mai alamar H yana hana ta tsallake babban faranti ta faɗo waje. Kaca mai yawan zamewa ko gogar ƙarfe sau da yawa saiti kawai take buƙata, kuma sukudireba da makullin noti sun isa aikin.

Matakan saiti

Da farko a rataye keken yadda tayar baya za ta juya, a wanke kejin. A duba tsayinsa: tazarar da ke tsakanin gefensa na waje da haƙoran babban faranti kada ta gaza milimita 1, kada ta wuce milimita 3. A leƙa daga sama a tabbatar ya miƙe daidai da faranti, bai karkace ba. Idan akwai kuskure, a sassauta notin da ya ɗaure shi da jikin keke, a gyara zamansa, a ɗaure.

Na biyu, a sa kaca a kan ƙaramin faranti a gaba, a baya kuma a kan mafi girma, sannan a sassauta waya. A juya sukurun L kaɗan-kaɗan har gefen kejin na ciki ya matso daf da kaca, ƙasa da milimita 1, ba tare da ya taɓa ta ba.

Na uku, a ja waya da hannu ta miƙe, a ɗaure notinta. Wayar da ta yi tsatsa ko ta fara warwarewa ba ta riƙe saiti, sai dai a sauya ta.

Na huɗu, a mayar da kaca kan babban faranti a gaba, a baya kuma kan mafi ƙanƙanta. A juya sukurun H har gefen kejin na waje ya bar irin waccan 'yar tazara. Idan kaca ta ƙi hawa babban faranti, ko dai waya ta yi sako-sako, ko an matse H da yawa. Idan ta tsallake ta faɗi waje, H ɗin ne ya yi sako-sako. Kada a wuce kwatan zagaye a kowane juyi, a gwada, sannan a ƙara.

A wajen tuƙi kuma a guji haɗa babban faranti na gaba da mafi girma na baya, ko ƙarami da ƙarami, domin hakan na karkatar da kaca ya sa ta cinye da wuri. A rage taka feda da ƙarfi a daidai lokacin sauya giya, musamman cikin yashi.

Kula da kaca

Al'adar zuba baƙin mai a kaca tana da illa. Man da aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe, kuma idan yashi ya manne masa sai su haɗu su riƙa cin kaca da haƙoran faranti kamar dutsen wasa wuƙa. Abin da ya dace shi ne a goge kaca da tsumma da ɗan kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari ta bushe, a ɗiga mai marar kauri a kowace gaɓa, a juya feda baya sau da yawa, sannan a goge na saman sarai. Cikin gaɓoɓi ne ake buƙatar mai, wanda ya rage a waje ƙura kawai yake tarawa. Da hunturu a yawaita gogewa. Da damina a busar da kaca duk lokacin da ruwa ya taɓa ta, saboda tsatsa.

Kaca na ƙara tsawo yayin da gaɓoɓinta ke cinyewa, kuma ana iya aunawa da rula. Tsakanin kowace ƙusa da mai bi mata rabin inci ne, saboda haka a sabuwar kaca ƙusa ta 25 tana faɗawa daidai kan inci 12 daga ta farko. Idan ta wuce da kimanin milimita ɗaya da rabi, lokacin sauyawa ya yi. Idan ta kai milimita 3, mai yiwuwa haƙoran baya ma sun cinye, kuma sabuwar kaca za ta riƙa tsalle a kansu. A nan ne ɗan gyara ke komawa babban kashe kuɗi, domin maimakon kaca kaɗai sai an sayi haƙoran baya, wani lokaci har da faranti.

Mai sayen sabuwa ya ƙirga haƙoran baya, wato jeri nawa ne, ya faɗa wa mai shago, domin faɗin kaca ya danganta da yawansu. Kacar keke mai giya ɗaya ta fi faɗi, ba ta shiga tsakanin jerin haƙoran keke mai giya da yawa.

Kejin da ya lanƙwashe, da farantin da ya murɗe, da haƙoran da suka yi tsini, aikin mai gyaran keke ne. Sauran kuwa mai keke na iya yi da kansa a tsakar gida. Wanda zai nufi kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya fi masa ya duba kacarsa tun yammacin Laraba, domin tsakanin ƙauyuka ba a ko'ina ake samun mai gyara ba.