Ina Ne Mazaunin Falke?

A da, falken goro mai zirga-zirga tsakanin Kano da Ankara ta ƙasar Gana ba ya lissafin kwanakinsa. Mai masaukinsa a zango shi ne shaidarsa. Al'amarin ya sauya ranar 18 ga Nuwamba, 1969, yayin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice. Da yawa daga mutanen Nima suka tattara nasu-ya-nasu, har da haifaffun unguwar.

Dokar haraji ta 2015 kuwa kwana take ƙirgawa. Baƙon da ya cika kwana 183 cikin wata 12 ya zama mazaunin ƙasa, amma fa a wajen biyan haraji kaɗai. Izinin zama takarda ce daban.