Zamanin Babban Sanyi A Ƙasar Turai

A cikin hunturun shekara ta 1683 zuwa 1684 aka yi wani irin sanyi a Ingila wanda har yanzu a ke ba da labarinsa. Kogin Tems, wanda ya ratsa birnin Landan, ya daskare kamar wata biyu, kaurin ƙanƙarar ya kai inci 11. Mutane suka kafa rumfuna bisa kogin suna cin kasuwa, aka gasa bijimi ɗungum, har Sarkin Ingila da kansa ya zo kallo.

A birni abin ya zama wasa, amma ga manomi ya zama masifa. Cikin watan Janairu na 1709 sanyi ya auka wa Faransa dare ɗaya. Alkamar da aka shuka ta mutu cikin ƙasa, itatuwan zaitun suka bushe. Sarki Luwi na 14 kuwa yana tsakiyar yaƙi, ga haraji mai nauyi bisa talakawa, saboda haka kafin ƙarshen 1710 yunwa da cuta suka ci wajen mutum 600,000.

To, me ya kawo wannan? Tun wajen 1610, da aka sami madubin hangen nesa, masana suka ga rana tana da waɗansu baƙaƙen tabo a fuskarta, daga baya kuma aka gane su kan ƙaru su ragu kowace shekara 11. Wani Bature mai suna Maunder, ma'aikaci a gidan duban taurari na Girinic, ya bi tsofaffin littattafai, ya rubuta a 1894 cewa daga 1645 zuwa 1715 tabon nan sun kusa ɓacewa. Tsakanin 1672 da 1699 waɗanda aka gani ba su cika 50 ba, alhali kuwa a zamanin baya-bayan nan a kan ƙirga fiye da 40,000 cikin tsawon wannan lokaci. Da aka ga shekarun sun yi daidai da na sanyin, sai mutane da yawa suka ɗora wa rana laifi.

Amma zancen bai tsaya nan ba. Zafin rana ɗan kaɗan ya ke raguwa in tabon sun ɓace. Sanyin ma ya riga 1645 farawa, gama a 1600 wani dutse ya yi aman wuta a ƙasar Feru, tokarsa ta rage hasken rana, Rasha ta yi shekara uku cikin yunwa.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne hanyar iska. Bisa al'ada, da hunturu iskar yamma ta kan taso daga Tekun Atalantika da ɗumi da laima, ta lulluɓe Turai. In ta yi rauni, ko ta karkace hanya, sai busasshiyar iskar gabas ta kwararo daga wajen Rasha, kome ya daskare. Waɗansu masana suna ganin lafawar rana ta kan taimaka wajen karkatar da iskar yamman nan, watau rana tana da hannu, amma daga nesa. Shaida kuwa ga ta: hunturun 1685 zuwa 1686, shekara biyu kacal bayan cin kasuwa bisa kogi, ya zo wa Ingila da ɗumi ƙwarai, alhali fuskar rana tana nan yadda ta ke. Iskar yamma ce ta komo hanyarta.